Ruwa Mai Nauyi a Randar Inna

Kurɓin ƙarshe yana maƙogwarona na hango kwalbar. Wuyanta kawai ya leƙo daga ƙarƙashin gefen zanin Inna, amma na gane ta, don ni na naɗa mata jan salatif ɗin nan da hannuna kwana shida da suka wuce. Na so in dawo da ruwan. Ina! Ya riga ya wuce, ya bar mini wani ɗan zaƙi-zaƙi can a ƙarshen harshe.

"Kin ji garɗi ko?" in ji Inna, tana murmushi irin na wadda ta yi alheri a ɓoye amma ba za ta ƙi a gani ba. "Zamzam ne. Na ainihi, ba wanda ake sirkawa ba. Cokali uku na zuba miki saboda nono. Sauran na juye a randa, kowa ya samu albarka."

Na ce, "Na gode, Inna. Allah ya saka da alheri."

Abin da na faɗa ke nan, ba zan gyara shi ba. An ba ni abin da na yi imani guba ne, na durƙusa na yi godiya. Iyayena ba su yi asarar tarbiyya ba.

Inna uwar mijina ce, gida ɗaya muke a Gumel. Lokacin ina goyon ɗana na fari, watansa huɗu, bai san komai a duniya ba sai nono. Kwalbar kuwa ta 'yar Inna ce, yayar mijina, wadda dangi ke kira Dakta ko da yake ba ta taɓa duba ko ciwon kai ba. Ni Yaya nake ce mata. A jami'a take koyarwa. Ta zo mana da bazara za ta yi mako biyu, bayan motarta cike da kuloli da kwalabe. Mutanen unguwa suka ɗauka tsaraba ce. Da aka ga kwalaben babu komai a ciki, aka kuma ji laka ta zo ɗiba, sai aka shiga yi wa Inna jaje a fakaice: an kai yarinya karatu har ƙasar waje, ta dawo tana kwasar taɓo a tafkunan Gagarawa kamar mai shirin yaɓe.

Da Yaya ta ji ajin kimiyya na yi a sakandare, sai ta ba ni aikin rubuta lamba a jikin kwalabe. Na ji daɗi ƙwarai. Tun da aka kawo ni gidan, tambaya mafi zurfi da aka yi mini ita ce ina aka ajiye kanwa.

Ina rubutu tana jerawa, ta yi mini bayanin abin da take nema. Ta ce a cikin laka da kindirmo da daddawa akwai ƙwayoyin bakteriya, halittun da ido ba ya gani, kuma ba duka ke sa cuta ba, yawancinsu neman abinci kawai suke kamar kowa. Kowace ƙwaya tana da 'yar fatar maiƙo da ta lulluɓe ta, ita ke gina abarta, kuma wajen ginin tana ɗibar haidurojin daga ruwan da take ciki. Na ce na san haidurojin, shi ne na farko a jadawalin da muka haddace. Ta ce ko an gaya mana yana da ɗan'uwa mai nauyi, wanda sai ka ƙirga sama da dubu shida na marar nauyi kafin ka ci karo da ɗaya? Na ce an ambata, rana ɗaya, dab da tashi.

"To kowace ƙwaya da irin rariyarta," in ji ta. "Mai rayuwa a kan sukari tana tankaɗe mai nauyin ta rage shi. Mai haɗa abincinta da hasken rana ta fi ta tsantseni, zubar da shi take sosai. Mai cin abu mai tsami kuwa, dangin ruwan khal, ita har tara shi take. In na tatsi maiƙon na kai wa na'ura ta auna, sai ta gaya mini abin da suke ci a ƙarƙashin tafki, ba sai na tambaye su ba."

Na ce kamar dai yadda Inna ke ɗanɗana man shanu ta ce wannan saniyar dusa aka ba ta, ba kiwo ta je ba. Ta yi dariya, ta ce da Inna ta yi boko da tuni ta ƙwace mata aiki.

"Baki yana ƙarya a kan abin da ya ci," ta ce. "Kitse ba ya yi."

Na riƙe maganar nan gam. Da na san abin da za ta yi mini, da na bar ta inda na tsince ta.

Kwalba mai jan wuya ita ce sarauniyar kayan. Ƙarama ce, ba ta kai rabin ta lemo ba, a naɗe cikin tsumma mai laushi a ƙasan akwati. Ruwa ne fari tas, sai dai an tace shi har kusan duk haidurojin ɗin da ke ciki mai nauyi ne. Ruwa mai nauyi take ce masa. Kullum da safe sai ta sa farar safar hannu, ta warware tsumman, ta ɗiga 'yan ɗigo a kwalaben laka da na nono, ta rufe da sauri. Ta ce ƙwayoyin da ke raye za su gina sabon maiƙo da shi, ya zame musu shaida a jiki. Na tambaye ta me ya hana ta zuba da yawa. Ta ce in ya yi yawa sai su daina hayayyafa, su tsaya cak. Sannan ta miƙo mini jan salatif, ta ce ko da wasa kada kowa ya buɗe.

Ni abin da na gani daga cikin ɗaki ke nan. Inna kuwa ta gefen labule take nata kallon. Bara Yaya ta sauke farali, ta kawo mata galan guda na Zamzam, maƙwabta suka ƙarar da shi cikin mako. Yanzu ga 'yar kwalba daga waje, a naɗe kamar jariri, ba a taɓa ta da hannu tsirara, ana ɗiga ta ɗigo-ɗigo, leɓɓan mai ɗigawa suna motsi. Yaya ƙirge take, Inna ta ga addu'a. Wace tsohuwa ce a ƙasar Gumel za ta ga haka ta ce wani abu ne daban? Abin da ya ƙona mata rai, ana ba laka, ita da ta haifa ba a ɗiga mata ba.

Wani zai ce me ya hana ta tambaya. Wanda ya faɗi haka ba a nan ya girma ba. Yaya 'yar fari ce. Shekara arba'in da 'yan kai Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa roƙonta ko allura ba. In abinci ya sauka ni take ce wa, "Gaya wa waccan ta zo ta ci, in lakar ta sake ta," alhali waccan na zaune taku uku daga gare ta. Roƙon 'yar fari abin kunya ne. Buɗe mata akwati bayan ta fita kuwa ba komai, ai abin ɗa na uwa ne.

Ranar Alhamis ce, kasuwar Maigatari na ci. Yaya ta fita tun sassafe za ta ɗibi nono wajen Fulani. Mijina ma ya tafi, dillancin raguna yake a kara. Daga ni sai Inna sai yaron yana barci.

Da na gama godiyar ruwan nan da ta ba ni, na ce, "Inna, a ina kika samo?"

"A inda mai rowa ta ɓoye."

Na shiga ɗaki na kira wayar Yaya. Tana shiga, ba a ɗauka. Sau bakwai. Sai na yi abin da ba na yi wa ko maƙiyi fatan ya yi: na tambayi waya. Na rubuta sunan ruwan da Turanci. Hoto na farko wani ƙaton gini ne kamar rumbu yana fitar da hayaƙi. A ƙasansa nukiliya. A ƙasan wannan kuma bam. Na tuna darasin nan na dab da tashi, da alamar nan mai kunne uku kamar farfelar fanka da malam ya zana a allo. Na tuna hirar direbobi kan yuraniyom ɗin Nijar, wai ko tsuntsu ba ya sauka a kan motar da ta ɗauko shi. Karatuna na shekara shida bai taɓa haɗuwa wuri ɗaya ba sai ranar, kuma da ya haɗu hukuncin kisa ya yanke mini.

Sai yaron ya farka yana neman abin da ya saba.

Na ɗauke shi, hannuna har ya kai wuyan riga, maganar Yaya ta faɗo mini. Kitse ba ya ƙarya. Duk abin da ya sha ruwan nan zai gina maiƙo da shi. Nono kuwa mene ne in ba ruwa da maiƙo ba? Ƙwayoyi ma da ya yi musu yawa sun tsaya cak. Shi ɗin guda nawa yake? Na saki rigar.

"Me aka yi wa angona?" Inna ta ɗago murya daga tsakar gida. Haka take kiransa, wasan kaka da jika. "Ba shi mana!"

"A ƙoshe yake, Inna."

"Wannan ne kukan ƙoshi? Ku 'yan yanzu komai sai kun wuce gona da iri. An ce a yi kunyar ɗan fari, ba a ce a horar da shi da yunwa ba."

Na tsaya a bakin ƙofa ina jujjuya maganar a baki. Ta yaya suruka za ta dubi uwar miji ta ce kin buɗe akwatin mutane, abin da kika ɗauko guba ne, kuma kin shayar da ni? Na gwada ta ta kowace fuska, babu fuskar da za ta fito da ladabi. Ga shi ba halin in nuna ruɗewa a kan ɗan fari a gabanta. Na ga gara in mutu da mutuncina. Na ce Yaya ta manta wata takarda, ta ce in kai mata Maigatari.

"Cikin ranar nan? To bar min shi."

"Zai nemi nono, Inna."

Na faɗi haka ido bai ƙifta ba. Na goya shi na fita.

A bakin tasha na tsaya wajen wani mai kemis. Na yi ƙasa da murya na ce wata ƙawata ce ta sha ruwa mai nauyi bisa kuskure. Ya dube ni, ya dubi yaron da ke tsala ihu a bayana, ya ɗauki wayarsa ya tambaye ta. Ashe wayarsa da tawa malaminsu ɗaya. Ya ɗan ja kujerarsa baya.

"Ƙawar taki ta yi amai?"

"A'a."

"Gashinta ya fara zuba?"

Sai da hannuna ya kai kan ɗankwali na tuna ba ni ba ce.

"To Hajiya, mu dai abin da muka sani na guba, manja. Ta sha kamar rabin kofi. In ya ƙi, sai babban asibiti."

Na sayi manja ƙullin leda, na juya wa jama'a baya na tsotse shi tas. Sai da mota ta bar Gumel, ina gyatsa mai ɗanɗanon ɗanyar miya, na tuna maiƙo abin yake nema ya zauna a ciki. Na aika masa da kayan gini har gida.

Motar 'yan kasuwa ce, mu huɗu a kujerar mutum uku, akuya a but tana taya ɗana waƙa. Ƙirjina ya cika ya yi tauri kamar an ɗora mini duwatsun murhu. Riga ta jiƙe. Yaron yana jin ƙamshin abincinsa yana dukana da kai. Na ɗiga masa fiya wata a baki, ya tofar, ya yi mini kallon da ban san jariri ya iya ba. Wata dattijuwa a gefena, daga maganarta mutuniyar Damagaram ce, ta yi haƙuri har muka yi nisa, sannan haƙurin ya ƙare.

"Ɗiyata, naki ne ko na aro?"

"Nawa ne, Iya."

"To wannan da ke zuba a rigarki, ajiyar wa ce?"

Na ja mayafi na rufe ƙirjina.

"'Yar lakwal ce," ta sanar da mota, wato 'yar makarantar boko. "Ba su son abin ya kwanta. Mu da muka shayar da tara ga mu nan, ba mu mutu ba."

Direba ya ce shi ya sa shi ba zai auri 'yar boko ba, kamar akwai wadda ta aiko. Aka yi dariya. Ni kuwa sauraren jikina nake. Jiri, tashin zuciya, yawu mai ɗaci, yatsu suna sanyi. Duk alamar da waya ta lissafa na same ta kafin mu shiga Maigatari, har da waɗanda ba ta lissafa ba.

Na tarar da mijina a kara, hannun mai saye a damansa, na mai sayarwa a hagunsa, yana ƙoƙarin haɗa su. Da ya gan ni da goyo, da manja a leɓe, ya saki duka biyun. Na ja shi bayan wata motar shanu na gaya masa.

"Inna ta ba ki guba?" ya ce, da muryar da yake tallan rago.

"Rage murya! Ba ta sani ba."

"Sauran fa?"

"Ta juye a randa."

"Randar da take sha?"

Allah shaida, sai a lokacin na tuna Inna ma tana da maƙogwaro. Na bar tsohuwa da randa cike, na fito ko waiwaye babu. Ya kira ta, ya sa a sifika.

"Inna, lafiya kike?"

"Lafiya ma ta yi yawa. Gwiwar nan da ta hana ni ruku'u, na shafa mata, ga ni ina shara."

"Inna, don girman Allah kada ki ƙara shan ruwan randar nan."

"Waccan ce ta aiko ka? Ce mata ta makara. Kofi biyu na sha, na aika wa maƙwabta nasu."

Ta kashe.

Masu nono ba su ba mu wahalar kwatance ba. "Mai safar hannu? Wadda ke sayen cokali ɗai-ɗai a kowace ƙwarya?" Suka ce ta wuce, ta ce za ta wani tafki a ƙasar Sule Tankarkar, wajen Ɗanzomo, kafin ya ƙafe.

Muka hau babur ɗinsa muka bi hanyar yashi, wai ta fi kusa. Rana tsaka, gonaki fayau, ba komai sai kututturen geron bara da tumfafiya. Sau biyu muka sauka muka tura. Wayata ta yi ƙara, na zabura na ɗauka Yaya ce. Saƙo ne da Faransanci, ana yi mini barka da zuwa Nijar, ƙasar da ban shiga ba.

A hanyar nan na yi wasiyya. Ƙeyar mijina na yi wa. Na faɗi wadda za a ba kwanukana, da wadda ko ta roƙa kada a ba ta. Na ce a yafe wa Inna, ba ta sani ba. Na ce in zai ƙara aure kada ya ɗauko 'yar ajin kimiyya. Ya ce, "Riƙe ni da kyau dai, kya mutu in mun isa." Amma na ji yadda bayansa ke rawa, kuma ba yashi ne kaɗai ba.

Sai yaron ya yi shiru.

Tun safe nake roƙon Allah ya sa ya yi shiru. Da ya yi, na gane ashe kukan ne ke riƙe da ni. Na ce a tsaya. Na kwance goyon. Jikinsa zafi, leɓɓansa a bushe, ido rabi a buɗe, yana tsotsar iska a hankali. Na kira sunansa. Wata huɗu ban taɓa furta shi ba, ko mu biyu ne a ɗaki "yaron nan" nake cewa, kamar na maƙwabta. Ranar na kira shi da ƙarfi, a filin Allah, a gaban ubansa, har sau uku. Ya buɗe ido ya juya kai wajen ƙirjina.

"Ki ba shi kawai," in ji mijina. "Abin da Allah ya rubuta shi zai faru."

Na ce a'a.

Na yi alfahari da wannan a'a ɗin a lokacin. Na ɗauka ita ce bambancina da wadda ba ta je makaranta ba.

Mun hango motar Yaya kafin tafkin, a gindin wani gawo. Ruwan ya janye ya bar laka mai tsage-tsage, ɗan abin da ya rage ya yi kore shar, shanu sun kewaye shi. Tana tsakiya, taɓo har gwiwa, da wani dogon bututu a hannu. Wayarta na kan kujerar mota, inda ta ajiye ta don kada ta faɗa ruwa.

Na miƙa wa mijina yaron na shiga lakar da silifas, ban san inda na bar ɗaya ba. Na gaya mata komai cikin numfashi guda.

"Duka?" ta ce. "Duka ta juye? Ba ta rage ko kaɗan ba?"

"Yaya..."

"Wata biyar na yi ina jiran kwalbar nan! A randa! Innalillahi!" Ta dafe goshi da safar hannu mai laka.

Na tsaya ina kallonta. Ni ina mutuwa, ita tana makokin kwalba. Sai ta dubi fuskata da kyau, ta dubi rigata, ta dubi yaron a hannun ubansa. Fuskarta ta sauya.

"Yaushe rabonsa da nono?"

"Tun safe. Kin ce yana shiga maiƙo. Kin ce suna tsayawa cak."

"Ke! Fito! Fito ki zauna ki ba shi yanzu-yanzu!"

"Yaya, guba..."

"Wallahi ba guba ba ne. Kin taɓa jin na rantse?"

Ta ja ni da hannu har gindin gawon, ta karɓi yaron ta ɗora mini a cinya. Na riƙe shi, amma hannuna ya ƙi zuwa wuyan riga. Ta durƙusa a gabana ta kama kafaɗuna, laka da duka.

"Saurara, ƙanwata. Masu bincike a asibitoci suna ba mata masu shayarwa wannan ruwan da gangan, kusan gwargwadon wanda kika sha, don su auna yawan nonon da jariri ke sha. Da gangan, a kofi. Ba ya fitar da wani tururi mai ƙona jiki, ba danginsu ɗaya da abin da direbobi ke ba da labarinsa ba. Ruwa ne. Zai fita ta gumi da fitsari, 'yan makonni ya tafi. Ba shi."

Na ɗaga rigar. Ya kama da ƙarfin da ya sa na yi ƙara. Ina jin sautin haɗiyarsa, ƙwat, ƙwat, yana shaƙewa yana komawa, ɗan hannunsa ya damƙe yatsana kamar zan sake gudu.

"Amma ƙwayoyin fa?" na ce.

"Su sai an tsoma su tsundum a cikinsa. Ke sai kin yi kwanaki ba kya shan komai sai shi, kuma ni ba ni da arzikin kashe ki ta wannan hanya. Ko ba ki sha ba, akwai kusan cokalin shayi nasa a jikinki, da nawa, da na wancan da ke tsaye baki buɗe. Kin ga tafkin nan? Rana tana kwashe marar nauyin da sauri ta bar mai nauyin a baya, shi ya sa na zo kafin ya ƙafe. Ga shanu can suna sha. Randar Inna ma da take gumi tana sanyaya ruwa, haka take yi kaɗan-kaɗan tun kafin a haife ni."

"Safar hannun fa?"

"Don kada maiƙon yatsuna ya ɓata mini awo. Ruwan nake karewa daga gare mu."

"To jirin da nake ji?"

Ta matso ta shinshina bakina. "Me kika sha?"

"Manja."

Mijina ya juya ya fuskanci shanu, kafaɗunsa suna tsalle. Yaya ba ta yi dariya ba. Ta taɓa tsakiyar kan yaron da bayan hannu, ta duba bakinsa, ta ce in bar shi ya sha har ya saki da kansa, kuma in mun koma a biya asibiti a gan shi.

"Abu ɗaya ne yau ya kusa yi masa illa," ta ce. "Wuni cikin rana ba nono."

Har yau in ranar ta faɗo mini ina cikin wanke-wanke, ba kwalbar nake gani ba. Hanyar yashin nan nake gani, da bakina yana cewa a'a.

Mijina ya goge ido ya dawo. "To yanzu wa zai gaya wa Inna?"

"Ni 'yar fari ce," in ji Yaya. "Ba ma magana."

Ya ce shi ba zai je ya dawo wa tsohuwa da ciwon gwiwa ba. Suka juyo gare ni su biyu. Na ce ni suruka ce, kuma na riga na yi godiya.

Daga wani ƙauye can bayan tafki aka kira la'asar. Yaya ta cire safar hannun ta jefa cikin leda. Ta laluba aljihu ta fito da wata 'yar kwalba sabuwa da alƙalamin da nake rubuta lamba da shi.

"Tunda bincikena ya koma jikinki," ta ce, "in ya ƙoshi ki tatso mini kaɗan a nan. Ki sa lamba da kwanan wata, rubutunki ya fi nawa kyau."

"Yaya, tsakaninki da Allah, babu abin da zai same mu?"

"Babu. Ke da shi, babu abin da zai same ku."

Na karɓi kwalbar. Yaron yana sha, idonsa a lumshe, gumi ya fara tsattsafo masa a goshi. Na ɗora kwalbar a gwiwa na rubuta lambar da hannu ɗaya. A karkace ta fito.